Yadda Ake Tsabtace Ƙasar Da Man Fetur Ya Ɓata Ta Hanyar Shuka

A shekarar 1956 aka fara samun man fetur mai yawa a Nijeriya, a garin Oloibiri cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara fitar da shi waje a 1958. Daga baya arzikin ƙasa ya dogara a kansa ƙwarai. Amma duk inda bututu ya fashe mai ya malala, gona takan mutu, ruwan sha ya gurɓace.

Girman Ɓarnar

A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni, cikin Jihar Ribas. Ta tarar a wurare da dama man ya nutse cikin ƙasa har zurfin mita 5, ta kuma ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Saboda haka Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin HYPREP domin wannan aiki. Ɓarnar ba ta tsaya ga yankin mai kaɗai ba, gama a kowane gari akwai garejin makanikai inda ake tuttular da baƙin mai a ƙasa.

Yadda Shuka Ke Aikin

Mai yakan lulluɓe ƙwayoyin ƙasa, ya hana iska da ruwa shiga. To, cikin ƙasa akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke iya cin mai su mayar da shi ruwa da iskar da tsirrai ke shaƙa. Sai dai ba su da ƙarfi in babu iska da abinci. Nan ne amfanin shuka yake. Saiwoyi sukan ratsa ƙasa su buɗe wa iska hanya, suna kuma tsattsafo da wani ruwa mai sukari wanda halittun nan ke ci. Saboda haka sukan yawaita kewayen saiwa fiye da ko'ina, su yi ta cin man sannu a hankali. Watau mafi yawan aikin halittun ne ke yi, shuka kuwa ita ce mai masaukinsu.

Tsirran Da Suka Dace

Waɗanda suka fi dacewa su ne ciyayi masu saiwa da yawa masu jimiri, kamar jema da kiri-kiri. Saiwar jema tana nutsawa ƙwarai, tana kuma riƙe ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta. Har wa yau akan haɗa da dangin wake da gyaɗa, domin suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda halittun ke bukata.

Matakan Aiki

1. A fara toshe inda man ke zuba, a kwashe wanda ya kwanta a sama.
2. A kafce wurin sosai, a cuɗanya ƙasar da kashin kaji ko takin shanu.
3. A bar ta ta sha iska 'yan makonni, sa'an nan a yi shuka da kauri.
4. A riƙa ban ruwa da rani, a kuma yi shinge don hana dabbobi shiga.
5. Lokaci lokaci a kai ƙasar ɗakin awo a duba ragowar man.

Gargaɗi

Wannan hanya tana da araha, amma ba ta da sauri, takan ci damina da dama. In man ya yi yawa ainun tsiro ba zai rayu ba, haka kuma man da ya wuce zurfin saiwa sai an nemo masa wata dabara. Baƙin mai yakan ƙunshi darma da waɗansu ƙarafa masu guba waɗanda ba sa ruɓewa, kuma shuka na iya zuƙe su. Lalle ne kada kowa ya ci abin da aka shuka a irin wannan wuri, ko ya ba dabba harawarsa, sai awo ya tabbatar ƙasar ta warke.

Wanda duk ya ga mai na malala, ya gaggauta sanar da hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 domin wannan. Makanikai kuma su riƙa tara baƙin mai cikin durom maimakon zubar da shi, gama rigakafi ya fi magani.