Darasin Wannan Wata: Idan Folda Ta Ƙi Buɗuwa

Yau darasinmu a kan kwamfuta yake.

A ofishin ƙungiyar manoma, ko ƙaramin asibitin karkara, akan haɗa kwamfuta biyu ko uku da waya. Ɗaya daga cikinsu ce ke riƙe da folda. Folda kamar jakar takardu ce a cikin kwamfuta. A ciki ake ajiye sunayen 'yan ƙungiya, da lissafin taki, da sunan wanda ya biya bashi da wanda bai biya ba. Sauran kwamfutocin leƙowa suke yi su karanta.

To, ga ranar rabon taki ta zo, mutane sun yi layi a rana. Magatakarda ya danna folda, ta ƙi buɗuwa. Me zai yi?

Kada ya yi saurin kiran mai gyara. Ya fara duba kwamfutar da ke riƙe da foldar. Idan a kashe take, ko ta yi barci, babu mai shiga. Hakan yakan faru bayan an ɗauke wuta. Sai ya duba waya. A inda aka soka ta, akan ga 'yar fitila tana ƙyaftawa. In babu haske, ya zare wayar ya sake sokawa da kyau.

Idan komai lafiya, sai a duba irin hanyar da kwamfutar ta zaɓa. A Windows akwai zaɓi biyu, Private da Public. In an sa Public, kwamfuta takan ɓuya, don tana zaton a cikin baƙi take. A ofis, Private ake so.

Yanzu mun zo babban abu, wato izini. Folda kamar gida ce mai ƙofa biyu, ta zaure da ta ɗaki. Ta farko ana kiranta Sharing, ta biyu Security. Mutum yakan wuce zaure, amma ɗaki a kulle. Dole sunansa ya kasance a wuraren biyu. Haka kuma in an canza kalmar sirri a babbar kwamfutar, sauran sukan ci gaba da gwada tsohuwar. Sai an sa masu sabuwar.

A nan ne wasu ke gajiya, su buɗe wa kowa da kowa. Folda ta buɗe, gaskiya ne. Amma fa yanzu duk wanda ya shigo hanyar zai iya goge sunan mai bashi. A ganina, gara a ba magatakarda izinin rubutu, sauran su sami izinin karatu kawai.

Wani mai gyara zai ce a kunna tsohuwar hanya mai suna SMB1, don tsohuwar kwamfuta ta shiga. Kada ku yarda da sauri. Ta wannan hanya cutar WannaCry ta bi a shekarar 2017. Ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har da na asibitocin Ingila. In abin ya matsa, a kwafi lissafin a filashi, a kai wa tsohuwar kwamfutar da hannu, a sallami masu jiran taki.