Yadda Ake Gina Katangar Bambaro Don Tare Ƙarar Titi

Duk wanda gidansa ke bakin babban titi ya san ba hon ne ke hana barci ba. Hon yakan zo ya wuce. Abin da ba ya yankewa shi ne gurzar taya a kan kwalta da rugugin manyan motoci, dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar wa ƙasashen Turai a 2018, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar titi ya haura desibel 53, da dare kuwa 45. Maganin da aka saba shi ne doguwar katangar kankare ko ta katako. Amma a yankunan noman alkama na Turai da Amurka, inda bambaro ke jibge bayan girbi, akwai masu tayar da katangar da shi.

Bambaro shi ne karan alkama, sha'ir ko shinkafa da ya rage bayan an cire tsaba. Inji ke matse shi ya ɗaure, ya fito da dami mai kusurwa huɗu. Gini da irin wannan dami ya samo asali ne a jihar Nebraska ta Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, a yanki mai rairayi da babu itacen gini. Cocin da aka gina da shi a garin Arthur a 1928 na nan tsaye har yau. Wata makaranta kuwa da aka tayar kusa da garin Bayard wajen 1896 ba a yaɓe ta ba, kuma an ruwaito cewa shanu ne suka cinye ta.

Aikin farko ba da bambaro ake yin sa ba, da ido ake yi. Mutum ya tsaya a tagar da ƙara ta fi damunsa ya dubi titi. Duk abin da ido ya hango na mota, kunne ma zai ji shi kai tsaye. Katangar da ta kai tsayin da za ta ɓoye motocin takan rage kimanin desibel 5, kuma kowace mita guda da aka ƙara a sama takan rage wajen desibel ɗaya da rabi. Ragin desibel 10 kunne na jin sa kamar an raba ƙarar biyu, kuma a nan yawancin katangu nagari ke tsayawa. Wanda ke sa ran shiru irin na ƙauye gara ya sauke buri tun yanzu. Tsawo ma abin lura ne, domin ƙara na zagayowa ta gefe. Ƙa'idar hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ita ce katanga ta miƙe ta kowane ɓangare ninki huɗu na tazarar da ke tsakaninta da gidan. Gidan da ke nesa da mita 20 ke nan yana buƙatar mita 80 dama, 80 hagu. Shi ya sa wannan aiki ya fi dacewa da maƙwabta su haɗa kai. Wuri mafi kyau shi ne dab da titi ko dab da gida, tsakiya ce mafi rauni, kuma gefen titi ba a taɓa shi sai da izinin hukuma.

Daga nan sai zaɓen dami. Ba a gini da ciyawar dabbobi, domin tana da ganye da abinci a jikinta, ga saurin ruɓewa, ga jawo ɓera. Kara zalla ake so, mai launin ruwan zinariya, wanda ba ya warin ruma. Akwai na'ura mai dogon tsinke da ake cusawa cikin dami don auna laima: in ta haura kashi 20 cikin ɗari a bar shi, ƙasa da 15 ya fi kwanciyar hankali. Sannan a ɗaga damin ta igiyarsa. In ya lanƙwashe, ko yatsu suka shige ƙarƙashin igiyar ba wahala, bai matsu ba. Ƙaramin dami tsawonsa kusan santimita 90 ne, faɗi 45, kauri 35, kuma mutum ɗaya na iya ɗaukarsa. Ga babbar katanga an fi son manya, masu tsawon mita 2.4 da faɗin mita 1.2, waɗanda sai tarakta mai cokali ke iya ɗagawa. Jeri uku na masu kaurin santimita 90 sun ba da katanga mai tsayin mita 2.7.

Harsashi ne wurin da ba a rowa. Bambaro ba ya taɓa ƙasa, ko kusa. Ana ɗaga shi aƙalla santimita 30 a kan dutse, bulo ko tsofaffin tayoyi da aka cika da tsakuwa aka daddaɓe, domin ruwan da ke fallatsa daga titi da wanda ƙasa ke tsotsowa su ne ke fara kashe katanga. A kan wannan ake kwantar da katako biyu a jere, a cika tsakaninsu da tsakuwa, ta yadda duk ruwan da ya samu shiga zai tsiyaye maimakon ya kwanta. Kafin a ɗora dami na farko, a zura igiyoyin ɗauri masu ƙarfi ta ƙarƙashin katakon, a bar bakinsu a waje.

Jerin kansa ba wuya, kamar na bulo ne: kowane dami ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa. Ana soke jeri da jeri da turakun itace ko na gora. Katangar da ke tsaye ita kaɗai a fili iska ce ke gwada ta, don haka ana kafa ginshiƙai a tazara, ko a yi ta da ɗan lanƙwasa maimakon miƙe sambal. In an kai sama sai a ɗora faffaɗan katako, a jawo igiyoyin nan ta kansa a tamke, har katangar ta ɗan nutse ta daina motsi. Sai toshiya. Duk inda hannu zai shiga tsakanin dami biyu, a murɗe bambaro a cusa da ƙarfi. Mutane kan raina wannan mataki alhali shi ne rabin aikin, domin ƙara na bin kafa kamar yadda iska ke bi.

Yaɓe shi ke mayar da tarin dami katanga. Dami tsirara yana shanye wani ɓangare na ƙara, amma sauran na ratsa shi. Yaɓe ne ke ba shi nauyi ya kuma rufe ƙofofin iska. Ana fara aske fuskar bangon ta daidaita, sannan a yi shafi na farko da hannu, ana danna kwaɓin cikin karan har ya kama, a bi da shafi biyu, jimillar kaurin wajen santimita 3. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ya fi dacewa da waje, domin yana barin laima ta fice. Siminti zalla kuwa yakan tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, bambaro ya ruɓe a ɓoye bango na ta sheƙi. Yaɓe ne kuma ke maganin gobara: a gwajin da aka yi a Amurka a 2006, bangon da aka yaɓe da laka ya jure wuta awa ɗaya, na farar ƙasa da siminti awa biyu. Haɗarin yana lokacin gini ne, sa'ad da bambaro ke warwatse, guntun sigari ɗaya daga tagar mota ya isa.

Ƙarshe a rufe saman da kwano ko tayil, bakinsa ya zarce bango ta kowane gefe don ruwa ya zuba nesa da yaɓe. Katangar gida rufin ɗaki na kare ta, wannan kuwa ba ta da kowa sai ɗan rufin nan, shi ya sa ake duba shi duk shekara, a liƙe duk tsagar da ta bayyana kafin ruwa ya sauka. Mai sha'awar gwadawa da karan shinkafar Kura ko Kebbi yana da ƙarin lissafi biyu: gara, wadda sai an ɗaga harsashi an sa farantin ƙarfe tsakaninsa da dami, da kuma makiyaya, waɗanda ke sayen karan nan da rani don dabbobinsu.