Yadda Ake Haɗa Takardar Yanka a Gida

Wanda ya ratsa shagunan teloli daga Ash Town zuwa Zangon Kumasi zai ga yawancinsu ba sa amfani da takardar yanka. Tef a wuya, alli a hannu, su zana kan yadi su sa almakashi. To me zai kai mace mai keken ɗinki a gida ga buga takarda? Telan ya yi shekaru a gaban maigidansa kafin hannunsa ya faɗa, ita kuwa atamfa yadi shida ce gare ta, ta GTP ko Woodin da ta sayo a Kejetia, in ta ɓata hannun riga ba ta da madadi. Takardar yanka, wadda Ebenezer Butterick ya fara sayarwa girma-girma a Amurka a 1863, aron gwanintar wani ce. Yau ana sauke ta daga intanet a matsayin PDF, amma ba ta da amfani muddin awonta ya goce wajen bugawa, kuma a nan ne aikin yake.

Da farko a auna ƙirji da ƙugu da kwatangwalo, a zaɓi girma daga jadawalin da ke cikin fayil ɗin, ba daga lambar rigar kanti ba. Sannan a duba irin takardar da aka tsara shi dominta. A Ghana A4 ake sayarwa, santimita 21 da 29.7, alhali takardar Amurka ta fi faɗi kuma ta fi gajarta, 21.6 da 27.9. A buɗe fayil ɗin da Adobe Acrobat Reader, in yana ba da damar ɓoye layukan sauran girma a ɓoye su, a sa bugu a kan kashi 100. Kada a bar firinta ta daidaita zane da shafi da kanta, domin ragewa take yi. A buga shafi ɗaya tak, mai ɗauke da murabba'in gwaji, yawanci santimita 10 ko inci 4, a ɗora rula a kai tsaye da kwance. Wani zai ce ɗan gocewa ba komai ba ne. Lissafi bai yarda ba: ragin kashi 4 cikin ɗari yana mai da ƙirjin inci 40 ya koma 38 da 'yan kai, rigar kaba kuwa ɗinki ne mai kama jiki, zif ba zai rufu ba. In a shagon kwafi ake bugawa, a tsaya a auna a gaban mai shagon kafin ya saki sauran shafukan.

Haɗawa haƙuri kawai take so. A yanke farin gefen dama da na ƙasa na kowane shafi, a ɗora shi kan maƙwabcinsa har alamomi su haɗu, a liƙa da gam ko salatif. A gama jeri ɗaya kafin a shiga na biyu, in ba haka ba karkatar milimita ɗaya za ta yi ta taruwa. Masu cewa shafi talatin ɓarnar kuɗi ne suna da hujja, kuma masu buga taswirar gini na iya fitar da zanen a falle ɗaya na A0. Ko ta wace hanya, a kwafe zanen kan takardar siminti ko kwali, don damshin daminar Kumasi yana sa takarda ta yamutse salatif ya saki. Kwali ɗaya zai yanka kayan makarantar yara shekara da shekaru.

Kafin a taɓa atamfa a karanta ko an haɗa rarar ɗinki cikin zanen. Da yawa suna barin santimita 1.5, amma na mujallar Burda sai an ƙara da hannu. Kibiyar da ke kan kowane yanki ta bi tsawon yadi, daidai da bakin da ake rubuta sunan kamfani, a kuma lura kada furen atamfa ya kifa a bayan riga. Gaskiya ne an tsara yawancin waɗannan takardu ne kan jikin Turawa, don haka a fara ɗinka gwaji da akoko, a sa a jiki, a buɗa kwatangwalo ko a rage kafaɗa, sannan a mai da gyaran kan kwalin da biro.