Jirgin Yaƙi a Matsayin Shaidar Tarihi: Nazari a kan Jirgin Victory na Ingila

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa ɗalibin tarihi yakan ɗauka cewa duk abin da ya gani da idonsa a gidan adana kayan tarihi ya fi abin da ya karanta a littafi inganci. Manufar wannan maƙala ita ce ta gwada wannan zato a kan abu guda, watau tsohon jirgin yaƙin ruwa na Ingila mai suna Victory, wanda aka mayar gidan tarihi a garin Fotsmut da ke gaɓar kudancin ƙasar. Za a bi tarihin jirgin a taƙaice, a bi mai ziyara hawa-hawa a cikinsa, daga nan a duba abin da jirgin zai iya ba da shaida a kansa da abin da ba zai iya ba.

2.0 Tarihin Jirgin a Taƙaice

An fara ƙera Victory a maƙerar jiragen ruwa ta Catam a shekarar 1759, aka sa shi a ruwa ran 7 ga watan Mayu, 1765. Wanda ya tsara fasalinsa shi ne Thomas Slade. An sare itatuwa kimanin 6,000 domin aikin, galibinsu itacen ok ne, wani ƙaƙƙarfan itace mai jure ruwa da ke tsirowa a ƙasashen Turai. Jirgin ba shi da inji. Iska ce ke tura shi ta hanyar manyan ƙyallaye da ake bazawa a kan dogayen ginshiƙai uku, a sarrafa su da igiyoyi da ƙarfin damtse. A 1780 aka lulluɓe ƙasansa da fallayen jan ƙarfe don hana tsutsar teku huda katako.

Jirgin ya halarci yaƙe-yaƙe da dama, kamar na Ushant a 1778 da na Kef San Binsan a 1797. Amma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne yaƙin Tirafalga, wanda aka yi ran 21 ga Oktoba, 1805, kusa da gaɓar kudancin Sifen, a zamanin da Napoliyon ke mulkin Faransa. A ranar, jiragen Ingila 27 a ƙarƙashin Horatio Nelson suka kara da jirage 33 na Faransa da Sifen a ƙarƙashin Villeneuve. Al'adar wancan zamani ita ce rundunoni biyu su jeru kafaɗa da kafaɗa suna harbin juna. Nelson ya bar wannan al'ada, ya raba jiragensa layi biyu, suka ratsa jerin abokan gaba suka daddatsa shi. Ingila ba ta rasa jirgi ko ɗaya a yaƙin ba, abokan gaba kuwa suka rasa 18. Shi kuwa Nelson, wani maharbi daga jirgin Faransa mai suna Redoutable ya same shi da harsashi bayan azahar, ya cika wajen la'asar.

Bayan 1812 jirgin bai sāke fita yaƙi ba. Ya shekara fiye da ɗari a tsaye cikin ruwan tashar Fotsmut yana ruɓewa a hankali, har zuwa 1922 lokacin da aka shigar da shi wani mazauni na dutse aka janye ruwan. Aka yi gangamin tara kuɗi daga jama'a, aka gyara shi don ya koma kamanninsa na 1805, aka kammala aikin a 1928. Har yanzu ba a cire sunansa daga jerin jiragen sojan ruwan Ingila ba, kuma babu jirgin yaƙi a duniya da ya girme shi a wannan matsayi.

3.0 Abin da Mai Ziyara Zai Gani

Darasi na farko jikin mai ziyara ne zai koya masa kafin jagora ya buɗe baki. Tun daga ƙofa sai ya sunkuya, kuma duk hawan da ya sauka rufin yana ƙara matsowa kusa da kansa, haske yana raguwa. Hawa uku ne na igwa. Na ƙasa ke ɗauke da mafiya nauyi, masu harba dunƙulen ƙarfe mai laba 32, na tsakiya masu laba 24, na sama masu laba 12. An yi haka ne don nauyi ya zauna ƙasa, kada jirgin ya kife. A ranar Tirafalga igwa 104 ne a cikinsa, da mutum sama da 800.

A tsakanin waɗannan igwogi ma'aikatan jirgi ke ci, a nan suke kwana. Kowa yana da shimfiɗar ƙyalle da yake ratayawa a katakon rufi da dare, ya naɗe da safe, kuma faɗin wurin da aka ƙayyade wa mutum ɗaya inci 14 ne. Abincinsu naman shanu da na alade ne da aka adana cikin gishiri, da busasshen biskit mai tauri, da wake, da cuku. Murhu guda ne na ƙarfe yake dafa wa dukan jama'ar. Wanda ya yi laifi a ɗaure shi a tsala masa bulala mai reshe tara a gaban 'yan'uwansa. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikinsu ba da son ransu suka shigo ba, domin doka ta yarda a kama masu aikin teku a tashoshin jirage a sa su aikin soja tilas. Akwai kuma yara ƙanana waɗanda aikinsu a lokacin yaƙi shi ne gudu da albarushi daga rumbu zuwa bakin igwa.

Daga nan mai ziyara zai koma bayan jirgin, ya tarar da ɗakunan Nelson: zaure mai faɗi, da tagogin gilashi a jere, da doguwar teburin cin abinci. Taku kaɗan ne tsakanin wannan zaure da wurin masu inci 14. Duk littafin da ya yi bayanin bambancin daraja a sojan ruwan wancan zamani bai kai waɗannan 'yan taku fayyace shi ba.

Wurare biyu ne jama'a suka fi tsayawa. Na ɗaya a sararin sama ne, inda aka kafa ɗan allon tagulla a daidai wurin da Nelson ya faɗi. Na biyu a can ƙasa ne, ƙarƙashin layin ruwa, inda likita William Beatty ya duba shi har ya cika. A wannan wuri mai duhu likitan ya yi ta yanke hannuwa da ƙafafu da hasken fitila, ba tare da maganin kashe zafi irin na yanzu ba. Mutum 57 na jirgin suka mutu a yaƙin, 102 suka ji rauni.

4.0 Iyakar Shaidar Jirgin

4.1 Me Ya Rage na Asali?

Katako yana ruɓewa, don haka tun jirgin yana aiki ake sāke masa sassa. An yi masa babban gyara tsakanin 1800 da 1803, watau ko a ranar Tirafalga ba shi ne cikakken jirgin 1765 ba. A 1903 wani jirgi ya buge shi a tasha, a 1941 kuma bom ɗin Jamus ya faɗi a mazauninsa ya ɓata ƙasansa. Ruwan sama da wani ƙwaro mai cin itace sun yi nasu ɓarnar. Saboda haka kaɗan ne daga katakon da ake gani a yau ya ga yaƙin. Yawancin igwogin da ke jere kwaikwayo ne marasa nauyi, domin tsohon jiki ba zai ɗauki ƙarfe mai yawa ba tun da ruwa ya daina tallafe shi. Ko launin fentin ma an sauya shi a 2015, bayan masu bincike sun kankare tsofaffin shafe-shafen fenti sun gano cewa ruwan ɗorawar da aka saba gani ya fi na zamanin Nelson kauri. A 2022 aka soma wani babban gyara na sāke katakon waje.

Abubuwan da suka halarci yaƙin da gaske sun warwatsu. Rigar Nelson mai hudar harsashi tana gidan tarihin teku na Girinic a Landan, harsashin kuwa yana fadar Winsa. Abin da jirgin ya riƙe da aminci shi ne fasali da awo: tsawo, da faɗi, da ƙuncin wuri.

4.2 Labarin Wa Ake Bayarwa?

Jirgin ya yi shekaru sama da talatin yana aikin yaƙi, amma waɗanda suka gyara shi a shekarun 1920 sun zaɓi rana ɗaya da mutum ɗaya suka tsayar da shi a kansu. Wannan zaɓi ne na mutanen da ke son abin alfahari ga ƙasarsu, kuma wajibi ne ɗalibi ya gane shi a matsayin zaɓi. Nelson yana da allon tagulla, sauran mamata 56 ba a san inda kowannensu ya faɗi ba. Sunayensu suna cikin littafin ƙidayar ma'aikata, wanda ya nuna cewa ba Turawan Ingila kaɗai ke cikin jirgin ba. Akwai Amurkawa, da mutanen tsibiran Karibiyan, da 'yan ƙasashen Turai dabam-dabam, har da wanda aka rubuta cewa a Afirka aka haife shi. A gindin hasumiyar Nelson da ke Landan ma, zanen tagulla na mutuwarsa ya nuna baƙar fata riƙe da bindiga. A nan takarda ce ta faɗi abin da katako ya yi shiru a kansa.

4.3 Me Ya Biyo Baya?

Katako ba ya nuna sakamako. Nasarar Tirafalga ta ba Ingila rinjaye a teku har kusan shekara ɗari. Da wannan rinjaye ta tura jirage gaɓar Afirka ta Yamma daga 1808 don tare masu fataucin bayi, bayan ta haramta wa 'yan ƙasarta wannan ciniki a 1807, alhali kafin nan jiragen 'yan kasuwarta suna cikin manyan masu yinsa. Da irin wannan ƙarfi kuma jiragenta suka yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, aka mayar da garin mallakar Ingila a 1861. Mai ziyara daga Nijeriya yana da dalilin duban waɗannan igwogi da ido dabam da na ɗan makarantar Ingila da ke tsaye kusa da shi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa jirgin Victory amintaccen shaida ne a kan yadda mutum ɗari takwas suka rayu suka yi yaƙi cikin ƙunci, amma raunanan shaida ne a kan kayansa na asali, da sunayen talakawan cikinsa, da abin da nasararsa ta haifar. Waɗannan sai an nemo su a littattafan ƙidaya da takardun gyara da tarihin ƙasashen da jiragen Ingila suka je. Saboda haka ɗalibin da ya shiga kowane gidan tarihi ya kamata ya tafi da tambayoyi uku: wane sashe ne na asali, wa ya zaɓi abin da aka baje, kuma wa aka bari a baya. Gani ya kori ji, amma ganin da ba a haɗa shi da bincike ba yakan tsaya inda mai baje kaya ya so ya tsaya.