Kishi Biyu a Fim ɗin Un homme qui crie

Fim ɗin Un homme qui crie na Mahamat-Saleh Haroun, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin Cannes na 2010, ya ginu ne a kan yaƙin basasar Chadi, sai dai bai kai mai kallo fagen daga ba. Yaƙin yakan shigo ta rediyo, sannan ta bakin mai unguwa da ke neman gudummawa daga kowane gida: ko kuɗi, ko ɗa.

Adam tsohon zakaran ninkaya ne, mai kula da wurin ninkaya na wani otel a Njamena. Da aka ba ɗansa Abdel wannan aiki, shi kuma aka mayar da shi gadin ƙofa, sai ya miƙa yaron ga sojoji. A zahiri kishin ƙasa ne. A baɗini kuwa kishi ne na uban da ɗansa ya gaje shi tun yana raye. Mai nazari da Hausa ya yi sa'a a nan, domin kalma ɗaya ta ɗauki ma'anonin biyu.

Daga baya Adam ya je Abeche ya ɗauko Abdel da raunuka a kan babur. Yaron ya cika a hanya, uban ya saki gawarsa cikin kogi.