Ƙin Tashin Kwamfuta Bayan Ƙara Mata Faifan Ajiya

Gabatarwa

Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, makarantu da shagunan buga takardu a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe suka ƙara dogaro da wannan na'ura. A cikinta ake adana sakamakon ɗalibai da rajistarsu. Idan faifan ajiyarta ya cika, akan ƙara mata wani, amma wani lokaci da an kunna ta sai ta ƙi tashi. Wannan darasi zai nuna cewa galibi bayanan suna nan daram, hanyar isa gare su ce ta rikice.

Yadda Kwamfuta Take Tashi

Da zarar an kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja da ke cikin babban allonta, wato BIOS, ko UEFI a na'urorin zamani, ita ke fara aiki. Takan duba lafiyar sassa, sannan ta bi jerin faifai ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda ke ɗauke da babbar manhaja, kamar Windows. Idan sabon faifai ya shige gaba a jerin, alhali babu komai a cikinsa, na'urar tana iya tsayawa ta sanar cewa ba ta sami abin tashi ba.

Matakan Gano Matsala

1. A kashe na'ura, a zare ta daga wuta, a cire sabon faifan. Idan ta tashi, tsohon faifan lafiya lau yake.
2. A duba wayoyi. Faifan SATA yana da biyu: ta bayanai mai haƙora 7 da ta wuta mai haƙora 15. Garin saka sabo akan girgiza ta tsohon, kuma ƙurar hunturu takan toshe mahaɗa.
3. A mayar da sabon faifan, a shiga BIOS ta danna F2 a Dell ko F10 a HP, a ɗora tsohon faifan a saman jeri.
4. A lura da tsarin tashi. Windows da aka girka bisa UEFI ba za ta tashi ba idan aka juya na'urar zuwa tsohon tsari.
5. A wasu alluna, saka ƙaramin faifai na M.2 yakan rufe ɗaya daga mahaɗan SATA. Sai a sauya wa tsohon faifan mahaɗa.
6. Idan jerin yana rikicewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma agogo yana komawa baya, batirin allo, CR2032, ya mutu.

Kammalawa

Babban haɗari shi ne gaggawar goge faifai a sake girka manhaja, domin aikin shekaru yana iya salwanta cikin mintuna. Malamin da ke Kebbe, idan ya san waɗannan matakai, ba sai ya ɗauki na'ura zuwa Sakkwato ba. Tun da rigakafi ya fi magani, wajibi ne a kwafe muhimman bayanai kafin a buɗe cikin kwamfuta.

Auna Fahimta

1. Mene ne aikin BIOS?
2. Don me ake fara cire sabon faifai kafin komai?
3. Kawo alamomi biyu na mutuwar batirin allo.