Darasi: Sulhu kafin gidan kaso

 Darasinmu yana magana ne a kan mai laifi, yaro ko babba, wanda ake iya gyara shi ba tare da an kulle shi ba.

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa an sace mayafin Safwanu ɗan Umayya yana barci a masallaci. Ya kai ɓarawon gaban Manzon Allah (S.A.W.), da ya ji hukunci sai ya ce ya yafe. Annabi ya nuna masa cewa lokacin yafewa shi ne kafin a kawo ƙara. Daga nan malamai suka fahimci cewa akwai ƙofar sulhu a buɗe tsakanin mutane tun magana ba ta kai ga hukuma ba.

A cikin littafin kuma akwai labarin bayin Haɗibu da suka yanka taguwar wani mutumin Muzaina. Sayyidina Umar ya gane yunwa ce ta tura su, domin ubangidansu ba ya ƙosar da su. Bai yanke hannunsu ba. Ya tambayi kuɗin taguwar, mai ita ya ce dirhami 400, sai ya sa ubangidan ya biya 800. Ku duba wannan hukunci da kyau: an bincika dalilin laifin, an ɗora nauyi a kan wanda ya yi sakaci, mai dukiya kuwa bai koma gida hannu banza ba.

Wasu ƙasashe sun iso ga irin wannan hanya daga baya. A shekara ta 1974, a garin Elmira na ƙasar Kanada, samari biyu suka yi ɓarna a wurare 22 cikin dare ɗaya. Alƙali ya yarda su bi ƙofa-ƙofa, su tsaya gaban waɗanda suka cuta, su biya abin da suka lalata. Niyu Zilan kuma ta kafa doka a 1989, inda ake tara dangin yaro da wanda aka zalunta su tsara yadda za a biya haƙƙi.

A nan Nijar, dokar ƙasa ba ta ɗora alhakin laifi a kan yaron da bai kai shekara 13 ba, kuma tun 1999 aka ware alƙalan yara. A 2017 aka yi dokar da ta ba alƙali damar sa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon kaso. Wannan alheri ne, domin yaron da ya shiga kaso saboda akuya ɗaya, da manyan ɓarayi zai kwana, su ne kuma malamansa.

To amma sulhu yana da sharuɗɗa, nan ne kuwa muke yawan zamewa. Wajibi ne mai laifi ya amsa laifinsa da bakinsa, ya mayar da abin da ya ɗauka ko ƙimarsa, ko da da guminsa ne a gona. Wanda aka cuta kuma ya yarda da son ransa. Idan dattawan unguwa suka taru a kan talaka da “yi haƙuri” har kunya ta rufe masa baki, saboda uban yaron mai hali ne, wannan zalunci ne na biyu a kan na farko.

Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rikicin gona, bashi da zaman aure. Ba ta ba su ikon rufe manyan laifuka ba. Saboda haka fyaɗe ba ya cikin abin da ake kashewa a zaure da kuɗin goro. Limami ko mai unguwa da aka kawo masa irin wannan magana, abin da ke kansa shi ne ya sa a kai yarinyar asibiti, ya raka iyayenta wajen jandarma.